Takardar da Ciyaman Ya Rubuta Mini

Kuɗin tafiyata fili ne. Kai Nura, da kai Sadiku, kun zo kuna cewa ni Kawunku in sayar muku da babur za ku tafi Katar, to ku gyara zama a bencin nan ku ji, ni fili na sayar. Hamsin-da-ɗari, a bayan tasha, lokacin wurin ba komai sai ciyawa da awakin mutane. Shi ne kaɗai abin da shekara goma sha biyar na dillancin gidaje a Funtuwa suka bar mini. Na ɗauki takardarsa na kai wa Ciyaman.

Ciyaman kun san shi, Alhaji Ɗan'iya, shugaban rumfar dillalanmu, mai tafiya a hankali kamar ba ya son ya taka ƙasa ta ji zafi. Shi ya ɗauke ni tun ina share rumfa, shi ya koya mini sana'a. Kwana huɗu ya kira ni ya ce an samu mai saye. Ban tambaye shi ko wane ne ba, don a rumfarmu wannan tambayar rashin kunya ce. Dillali ba ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Mai gida ya faɗi kuɗinsa, kai ka je can ka faɗi naka, abin da ke tsakani rabonka ne, sannan ka karɓi la'ada ta nan ka karɓa ta can. Na sa hannu a takardar ciniki, wurin sunan mai saye a buɗe, kamar yadda ni ma na sa mutane da yawa suka yi. Ya miƙo mini kuɗi a baƙar leda, ya ce Allah ya sa albarka, na ce amin har da durƙusawa.

Ejan da ya yi mini biza cewa ya yi aikin kamfanin gidaje ne. Bai yi ƙarya ba, gidan ne za ka tsaya a ƙofarsa. Sikiriti. Aka ba ni riga mai igiya a kafaɗa, da lakataye, ni da ban taɓa ɗaure wuyana ba sai da rawani ranar sallah, aka kai ni wani dogon bene a Lusail. Mutanenmu Lusel suke cewa, wani Bakatsine ma Lusaini yake kiransa har ya bar ƙasar. Gari ne sabo fil, ba akuya, ba mai shayi, ba kwata ko ɗaya da za ka tsallaka. Awa goma sha biyu a tsaye. Idan ka zauna, kamara ta gan ka, sufabaiza ya bugo. "Habu, yalla, miƙe." Mutumin da na girme shi da shekara goma sha biyar. Yalla, wato yi maza. Yalla dai, yalla dai, har a mafarki.

Nura, ajiye wayar nan, da kai nake.

Wurin kwana kuwa wani tsohon gida ne a bayan Al-Sadd, an yanyanka falo da katako, sunan abin fatishan. Mu shida a ɗaki, gado kan gado. Idan na ƙasa ya yi tari, na sama ya ce alhamdu lillahi. Wanda muke kira mai gida shi ma ɗan haya ne, ya kama gidan gaba ɗaya yana sayar mana da shi gado-gado. Da na gane haka sai na ji ya shiga raina, na ce ashe akwai 'yan'uwa a ƙasar.

To a bakin ƙofar can ta Lusail ne ciwon ya kama ni. Kullum ina ganin dillalansu, riyal istet suke ce musu. Yara ƙanana, sun sha turare, ga kati a rataye a wuya, ga allon waya a hannu. Su zo da mai neman haya su ce masa gidan yana kallon teku, wai si-biyu da Turancinsu, alhali sai ka fito baranda ka miƙa wuya kamar raƙumi kafin ka hango shuɗin abu tsakanin benaye biyu. Wannan na yafe musu, sana'a ce. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne, yaro zai kawo mai haya, ga mai gidan a tsaye, ya haɗa su su gaisa, har su karɓi lambar juna a gabansa, shi yana washe baki. Na ce a raina wannan wane irin sakarci ne. A Funtuwa da ka yi haka, washegari kai ne ɗan kallo. Na riƙa cewa in da za a ba ni wata ɗaya a cikin garin nan, da waɗannan yaran sun koma gidan iyayensu.

Sai na fara ɗan taɓawa a gida. Gadaje huɗu suka zama babu kowa a fatishan ɗinmu, na samo wa mai gida yara huɗu sababbin zuwa, direbobi, cikin sati guda. Ranar Juma'a bayan masallaci na same shi na ce a ba ni la'adata.

"Wace la'ada?"

"Ta mutum huɗu. Ni na kawo su."

"Kai dillali ne?"

"Shekara goma sha biyar."

"Ina katinka?"

"Katin me? Ga mutanen can suna kwance a gadajenka."

"Dillanci ba kati laifi ne a nan. Kana so in kira shurɗa su lissafa maka la'adar?"

Shurɗa 'yan sanda ke nan. Na ce masa shi da yake yanka falo da katako har yana da bakin kiran shurɗa. Ya ce to mu je tare, a ga wanda za a fara sa wa a jirgi. Na dube shi, na dubi takalmina, na ce mafi mushkila, ba komai. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. A tambaye ni kati, ni Habu, a kan gado huɗu.

A benen da nake gadi akwai wani Injiniya Bashir, Bazazzagi, yana aiki da kamfanin gas. Mutumin kirki, shi kaɗai ke tsayawa mu gaisa da Hausa har ya tambayi mutanen gida. Na kai masa kukana. Ya ce babban lasisin dillanci galibi na 'yan ƙasa ne, baƙo sai dai ya shiga ƙarƙashin ofishin mai lasisi a matsayin wakili, a yi masa kwas, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi katin wuya. Kuma sai ofishin ya yarda ya zama kafil ɗinka, wato wanda zamanka a ƙasar ke wuyansa. Ya ce akwai wata Madam Rima, manajar ofishin da ke ba da hayar gidajen benenmu, zai yi mata magana.

Lokacin saura wata uku kwantaragina na gadi ya ƙare. Gwiwata ta hagu ta kumbura, in na cire takalmi da yamma sai na jira kafin in iya taka ƙasa, kuma sufabaiza ya riga ya faɗa mini ba za a sabunta wa masu shekaruna ba. Ko dai in samu katin nan in canza kafil, ko in dawo Funtuwa ba fili ba sana'a. Abin da ke gabana ke nan.

Madam ta karɓe ni da mutunci, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce suna neman mai jin yaren mutanenmu, don likitoci da injiniyoyi 'yan Najeriya suna yawa a Al-Sadd da Nu'aija, kuma kujera ɗaya ce. Ta ce doguwar hanya kwas ne na watanni, lokacina ba zai kai ba. Amma akwai gajeriya. Wanda ya riga ya riƙe lasisin dillanci a ƙasarsu, in ya kawo shaida daga waɗanda suka ba shi cewa sunansa na da kyau, sai a rage masa kwas ɗin ya tafi kai tsaye jarrabawa. Ta faɗi wata kalma mai tsawo. Injiniya ya ce resifurositi ne, wato a girmama takardarku kamar yadda za ku girmama tasu. Ni risifarasiti na riƙa cewa, har yau harshena bai miƙe a kai ba. Ko dokar ƙasa ce ko tsarin ofishinsu ne, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ji gajeriyar hanya, kunnena ya toshe.

Na zaro katin ƙungiyarmu daga walat. Kun san shi, mai leda, da hotona da zanna bukar, da zanen gida da hannu biyu suna musabaha. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya.

"Wa ya ba da wannan?"

"Ƙungiya."

"Gwamnati ta san da ita?"

"Kansila ma ya zo ranar da muka sake rufin rumfa."

"Yaushe zai ƙare aiki?"

"Ba ya ƙarewa, Madam. Sai mutum ya mutu."

Ta ce to, ba ta yi alkawari ba, amma in kawo wasiƙa daga shugaban ƙungiyar, a bayyana shekarun da na yi da yadda nake gudanar da aikina, a buga mata hatimi, a fassara ta da Larabci. Za ta riƙe mini kujerar sati shida.

Na bugo wa Ciyaman. Murna kamar an ce an naɗa shi sarauta. Ya ce, "Habu, Larabawa ne ke neman shaidata?" Na ce su ne, Baba. Ya ce in bar masa, zai rubuta abin da ko minista bai taɓa samu ba. Ya je shagon masu kwamfuta ya zauna yana faɗa ana bugawa, da Hausa, don ya ce Turanci ba zai ɗauki nauyin maganar ba. Sannan takarda ta shiga yawon hatimi. Atesteshan suke ce masa. Wannan ofishi ya buga ya ce gaskiya ne wancan ya buga, wancan ya buga ya ce gaskiya ne na farko ya buga. Ba wanda ya karanta abin da ke ciki, hatimin juna kawai suke dubawa. Sati huɗu ta ci kafin wani direba da ya dawo daga hutu ya kawo mini ita, bayanta ya yi ja da shuɗi kamar zanen atamfa.

A ɗakin canza kaya na buɗe ta. Bari in faɗa muku abin da ke ciki, na haddace ta.

Ya ce, "Ina shaida Habu ɗana ne a sana'a. A shekara goma sha biyar da ya yi a hannuna bai taɓa bari mai saye ya ga fuskar mai sayarwa ba. Bai taɓa bari mai gida ya san nawa aka biya a gidansa ba. Ya iya karɓar la'ada hannu biyu, kowane ɓangare yana masa godiya. Ya taɓa sayar da gida a bakin kwari da rani, mai saye bai san ruwa na shiga ba sai da damina ta sauka, kuma da aka kawo ƙara bakinsa ya fitar da shi. Duk abin da ya sani ni na koya masa, kuma akwai sauran abin da ban koya masa ba."

Sadiku, kana dariya. To ni kuka na yi. Wallahi hawaye na yi a tsaye da lakataye a wuyana. Shekara goma sha biyar mutumin nan bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba, ashe yana gani, ashe yana ajiyewa. A rumfarmu ba yabon da ya wuce wannan. Layin ƙarshen ma na ce tsoho dai ba ya rasa ɗan kurinsa, na yi murmushi na wuce.

Injiniya ya ce in kawo ya duba kafin in kai. Na ce masa, "Injiniya, wannan maganar dillalai ce, kai bututu ka sani." Ya yi dariya ya ƙyale ni. Da na ba shi, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Mai fassara a Al-Sadd yake, a wani ɗan ofis a saman shagon magani. Dattijo ne ɗan Sudan, amma Bahaushe, kakansa ya tashi aikin hajji a ƙasa ya tsaya a can. Hausarsa irin ta da, mai daɗi. Ya karanta, ya sauke tabarau, ya dube ni.

"Ɗan'uwa, wa za ka kai wa wannan?"

"Ofishin riyal istet."

"Duka kake so in fassara?"

"Duka."

"Har da maganar kwarin?"

"Ita ce ma gaba. Kada ka rage ko wasali."

Ya ce, "To, ni aikina amana ne, abin da ke ciki zan juya." Ya ƙara dubana irin duban da ake yi wa mutumin da ya fito da riga a bai-bai. Ni kuwa na ɗauka kwarjinina ne ya kama shi.

Ranar ganawa na ari kwat a wurin wani direba, hannunta ya wuce yatsuna. Madam na zaune, ga mudir, wato mai ofishin, ɗan ƙasa, shi ne mai babban lasisin, da farar jallabiya ko ƙura babu. Aka kawo mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Mudir ya ɗauki fassarar yana karantawa. Na ga girarsa ta ɗaga, na ce a raina ya iso wurin la'ada hannu biyu. Na ga ya sake komawa sama, na ce ya iso kwari. Ya miƙa wa Madam. Ita kuwa tana karantawa wuyanta yana ja.

Ta ce da Turanci a hankali, yadda zan gane, "Mista Habu, wataƙila mai fassara ya yi kuskure."

Kun ji baiwar Allah, ƙofa ta buɗe mini in fita. Ni kuwa na ce, "A'a Madam, dattijon nan ya san aikinsa. Ni na tsaya a kansa."

"Ko shugabanku yana da wata matsala da kai?"

"Ubana ne. Ba wanda yake ƙaunata kamarsa."

Mudir ya ce, "Wannan gidan na bakin kwari, gaskiya ne?"

Nan fa na gyara zama. Da guntun Turancina da guntun Larabcina da hannuwa na zayyana musu komai. Yadda na sa aka shafe alamar ruwa a bango da farar ƙasa. Yadda na kai mai sayen da tsakar rana a watan zafi, kwari ya bushe ƙurmus, na ce masa hanyar shanu ce. Yadda na hana shi tsayawa gaisawa da maƙwabta, na ce ana jiranmu. Ina faɗa ina dariya, ina jiran su taya ni. Mudir ya taya ni kaɗan, amma ba irin dariyar da nake nema ba ce.

Madam ta jawo wani littafi ta buɗe shafin farko ta juyo mini. Ta ce wannan shi ne darasin farko a kwas ɗin da nake so a rage mini. Wakili zai faɗa wa mai saye duk aibin da ya sani a gida. Zai rubuta yarjejeniya da mai gida, a sa la'adarsa a ciki ƙuru-ƙuru. Farashin da mai gida ya ji shi ne wanda mai saye zai ji. Ta bi layin wasiƙar Ciyaman ɗaya bayan ɗaya da biro, kowane layi ta nuna mini ɗan'uwansa a littafin, sai dai a can an rubuta cewa wanda ya yi haka a karɓe katinsa.

Na ce, "To in kowa ya san komai, dillalin me zai ci?"

Mudir ya ce, "La'adar da aka rubuta."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Malam, in na rataya maka kati, duk gidan da ka taɓa sunana ne a gaban alƙali. Khalas."

Khalas shi ke nan ke nan, kuma idan Balarabe ya faɗe ta yana kallon agogo, to ta ƙare. Na ce to a sa ni a doguwar hanya, zan yi kwas ɗin daga farko, zan roƙi sufabaiza ya ƙara mini wata biyu. Madam ta ce da ban kawo komai ba, da ta yi ƙoƙari. Amma yanzu takardar na cikin fayil, da hatimi bakwai a bayanta, kuma na tabbatar da ita da bakina a gaban mai lasisi. Na tsaya da kwat ɗin aro ina jin gumi yana bin bayana cikin sanyin na'ura. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma abin haushin, har lokacin rabin zuciyata cewa take su ne ba su san sana'a ba.

Zan fita mudir ya ce yana neman alfarma. Na juyo da sauri, na ɗauka ya canza shawara. Ya ce ko zan yarda su riƙe kwafe, za su rufe sunana, suna so su riƙa nuna wa sababbin wakilai. Na ce su riƙe. Me zan ce?

Sun rufe sunan, amma Funtuwa nawa ce a Lusail? Satin da ya biyo baya yaran nan masu turare suka fara tsayawa a ƙofata. Wani ya ce, "Mista Habu, hanyar shanu," ya ɗaga mini babban yatsa. Wata ta tambaye ni ko farar ƙasa tana riƙe bango har damina. Na shekara uku a ƙofar nan ba wanda ya san sunana, sai ga shi na yi suna a wata guda. Kujerar kuwa wani yaro ɗan Gombe aka ba, wanda bai taɓa sayar da ko kejin kaji ba. Ashe shi tuni ya yi nisa a kwas ɗin, ya gama, ya ci, ya riƙa wuce ni da kati a wuya yana ce mini ina wuni Baba.

A makonnin ƙarshen nan, ina tsaye gwiwa na zafi, sai mutumin kwarin ya riƙa faɗo mini. Malamin firamare ne, kuɗin sallamarsa ya sa. Na tuna ranar da ya zo rumfa wandonsa a naɗe, taɓo har gwiwa, bai zagi kowa ba, cewa kawai yake yi littattafansa sun jiƙe. Mu kuwa da ya tafi aka tafa mini. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan ana dariya, sai a bakin ƙofar mutane a ƙasar wasu na fara jin nauyinsa.

Kwantaragi ya ƙare, na dawo. Akwati ɗaya, da dabino, da turare na rabo, da gwiwa. Kwana uku ina karɓar 'yan sannu da zuwa, a na huɗu na ce bari in je bayan tasha in ga wurin da filina yake, ko don in san wanda ya gaje ni. Na iso ban gane wurin ba. An shimfiɗa kwalta, ta wuce ta gaban filin daidai, ga jerin shaguna shida da rufin kwano sabo. Na tambayi mai sayar da katin waya na ce shagunan wa ne. Ya ce na Ciyaman ne mana, ai tun kafin a fara titin ya mallaki wurin.

Na same shi a rumfa yana jan carbi. Ya tashi ya rungume ni, ya ce ɗan Doha, ina katin Larabawa. Na ce babu. Na ce, "Baba, filina kai ka saya?"

"Ni na saya."

"Ka san titi zai biyo ta wurin?"

"Na sani."

"Ba ka faɗa mini ba."

"Ka tambaye ni?"

Na ce masa a inda na fito, wanda ya yi haka karɓe katinsa ake yi. Ya ce to ai shi ya sa bai je can ba. Sannan ya dube ni da idon nan nasa mai sanyi ya ce, "Habu, ka karanta wasiƙar da na aiko maka har ƙarshe?"

"Na karanta."

"To ai na faɗa maka. Har hatimi aka buga."

 Duk abin da zan zarge shi da shi, a rubuce yake a aljihuna da sunana, kuma na yi kukan daɗi a kansa. Sauran dillalai suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda muka yi wa malamin firamare.

Ya ce kada in damu, ɗansa ba zai zauna ba wurin sana'a ba, akwai shago ɗaya da ba kowa, zai ba ni haya. Kuma ya karɓi la'ada a kai, don shi ne mai gida kuma shi ne dillali.

Shi ne wannan da kuke zaune a ciki. Na uku daga hagu. Daidai nan inda ƙafarka take, Sadiku, na so in fitar da ɗakin uwar 'ya'yana. Duk ƙarshen shekara ina kai masa haya, ya ce Allah ya sa albarka, in ce amin, sai dai na daina durƙusawa, kuma gwiwa ce na ce masa ta hana.

A rumfa yanzu ba a sa ni cikin ciniki, wai Doha ta lalata ni, bakina ba ya riƙe magana. Ban samu katin can ba, na nan ma ya zama na ajiya. Ɗan abin da nake samu daga mutanen da dillalai suka taɓa ƙonawa ne, kuma garin nan ba a rasa su.

Ku dai in kun ce sai kun tafi, ban hana ku ba, ƙasa ce ta neman abinci, wasu sun samu. Maganar babur kuwa na samu mai saye tun shekaranjiya, wani tela ne a Tudun Wada. Nura, kada ka bar mini makulli ka tafi. Gobe da ƙarfe goma ka zo, shi ma zai zo, ku zauna a bencin nan ku ga juna, ka ji kuɗin da kunnenka. Kuma ka faɗa masa da bakinka cewa injin yana shan mai, in ba ka faɗa ba ni zan faɗa.